Sabuwa Ce Dal, Alhaji

Har yau ban yarda cewa laifina ne ni kaɗai ba. Kakannin da suka raɗa wa garuruwan kudancin Katsina suna su ma suna da nasu kason, domin sun zaɓi sunayen da ɗan kasuwa zai rantse a kansu ya sake rantsuwa, kaffara ba ta hau shi ba.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2013 aka sa ranar auren ƙanena, aka kuma ɗora mini nauyin da ya fi na kowa. Ni ne mai mota a gidanmu, wata Golf 'yar Kwatano, don haka ni zan tashi daga Katsina in ɗauki Kawu a Ƙanƙara, in wuce Faskari in ɗauki Baffa wanda shi ne wakilin ango, in kai su ƙauyen amarya a ƙasar Sabuwa kafin a sauko daga masallacin Juma'a. Sadaki ma a aljihuna aka ce ya kwana. Ni kuwa a dangi an san ni da ɓata. Na taɓa zuwa ta'aziyya na zauna na yi addu'a, na sha fura, sai da na miƙe na gane gidan suna na shiga. Wayata a lokacin 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, ba ta san taswira ba. Sai na tuna wata na'ura da na gani manne a gilashin motar wani abokin aikina a Abuja, GPS, tana ce masa yi dama, yi hagu, shi kuma yana ta shan kwana kamar a garin aka yanke masa cibi. Na ce abin nema ya samu.

Takanas na tafi Kano, wata kasuwar kayan waya. Mai shagon ya jera mini guda uku a kan kanta. Ta farko daga Amurka ta zo, mil take ƙirgawa, kuma duk abin da ka rubuta sai ta kai ka Texas. Ta biyu Jamusanci take yi, da wata murya kamar ana yi maka faɗa. Ta uku kwalinta na ɗauke da hoton giwa da taswirar Afirka. Mai shago ya daki kwalin ya ce, "Wannan ita ce tamu, Alhaji." Sai daga baya na fahimci Afirkar da ake nufi ita ce ta Kudu, kuma abin da aka zuba mata tun daga kamfani titunan Johannesburg ne da Cape Town. Najeriya a wani ɗan katin memori take, wanda yaron shago ya loda daga kwamfuta aka ƙara mini naira dubu uku a kan dubu ashirin da biyar.

Amma kada a ce ban yi bincike ba. Na yi tambaya, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Akwai Ƙanƙara a ciki?"

Ya ce, "Alhaji, ko ƙasar ƙanƙara ka kai ta za ta yi aiki. Turawa ne fa suka ƙera ta."

"Faskari fa?"

"Wallahi babu abin da ke faskarar ta."

"To, Sabuwa?"

Ya dafa ƙirji. "Sabuwa ce dal, Alhaji. Ga kwalinta nan, ko leda ba a ɓare ba."

Muka fito bakin shago muka kunna ta. Ta ɗan yi shiru tana neman sama, sai ga Kano ta bayyana tsaf a allo: ga titin Zariya, ga titin Zoo, ga Ƙofar Nasarawa. Na ƙirga kuɗi na ba shi har da godiya. Minti ɗaya ya ishe ni in rubuta sunan garuruwan nan uku da yatsana in ga abin da za ta ce, ban yi ba. Na jarraba ta a garin da ba na bukatarta, ta ci jarrabawa, na ba ta aiki a wani gari.

Uwargida ce ta raɗa mata suna tun a daren farko. Ta ji muryar mace a mota ta ce in yi hagu, ta ga na yi hagu ba gardama, sai ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ce maka ka tsaya ka yi tambaya, ba ka taɓa ji ba. Wannan daga zuwanta ta mallake ka. Allah ya ba ku zaman lafiya da amarya." Tun daga nan Amarya ta bi ta.

Ranar Juma'a ina idar da sallar asuba na kama hanya. An kwana ana marka, gari ya yi luf. Daga Katsina zuwa Dutsinma, daga nan 'Yantumaki har Ƙanƙara, Amarya ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, na yi ta jinjina mata. Ban tsaya na lura cewa hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ba, wadda ko buhun gero ka ɗora a kan sitiyari zai kai kansa. Na dai ga agogonta ya wuce nawa da awa guda, na ɗauka nawa ne ke wasa. Ashe lokacin Afirka ta Kudu take bi.

Kawu tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin ya yi yana kwasar auduga da masara daga ƙauyukan Daudawa da Maigora da Ɗandume yana kaiwa Funtuwa, tun lokacin da gidajen gurzar auduga ke aiki dare da rana. Ya shiga gaba ya gyara babbar riga, muna fita daga gari Amarya ta yi magana. Kawu ya waiga kujerar baya. Ya leƙa ƙasan kujera. Sannan ya dube ni.

"Kai, wa ka ɗauko?"

Dama nake jira. Na gyara murya na shiga bayani. Na ce, Kawu, akwai taurarin ɗan'adam a sama, sojojin Amurka ne suka fara harba su a 1978, suka cika 24 aka ce aiki ya kankama a 1995. Suna can nisan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini. Da zarar wannan 'yar na'ura ta ji saƙon guda huɗu daga cikinsu, ta san inda muke. Da can ma da gangan sojojin ke dagula saƙon don kada farar hula su sami daidai, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Na ƙara da cewa Rasha ma na da nata, Turai da Sin suna kan gina nasu. Duk na haddace ne daga abokin aikina, amma na zuba kamar ni na harba su.

Kawu ya saurara har na gama. Ya ɓare goro ya ce, "To. Wanda ke nisan kilomita dubu ashirin shi zai gaya mini hanyar Sabuwa. Allah ya kai mu."

Muka ratsa Sheme muka isa Faskari da hantsi. Baffa ya fito da farar shadda ta sha bugu, da carbi, da ƙwaryar goro biyu da katan na alawa. Shi mutum ne marar magana. In ya yi maka kalma biyar a yini, to ranar ya yi surutu. Ya shiga baya ya ce bismillah, saura huɗu.

Sunan ƙauyen amarya Sabon Gida. Na rubuta. Amarya ta yi tunani, ta kawo mini Sabon Gida guda ɗaya tak, a Jihar Taraba, ta ce in Allah ya yarda za mu isa cikin dare. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san babu ƙaramar hukumar da ba ta da Sabon Gida da Sabon Layi da Unguwar Liman, wata ma bibbiyu. A nan ya kamata jikina ya yi sanyi. Maimakon haka na goge na rubuta Sabuwa. Sai ga wani ɗigo ya fito shi kaɗai a tsakiyar fari, da wani siririn zare da ya taso daga Faskari ya yi kudu ya same shi. A gefe guda ga layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda an zana shi ɓaro-ɓaro, layin da aka gama tun 1929. Wanda ya zana taswirar nan ya san jirgin ƙasa sarai. Abin da aka yi bayan tafiyar Turawa ne labari bai kai masa ba.

Kawu ya ce, "Mu koma Funtuwa, mu bi Ɗandume, mu shiga Sabuwa. Hanyar da kowa ke bi ke nan."

Na ce, "Kawu, ai wannan zagaye ne. Ku duba, ga hanya nan ta yanke."

Ya sa tabarau ya kusanto da fuska. "Wannan ba hanya ba ce, burtali ne. Da rani ma sai jaki mai haƙuri. Yaro, hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Sai na faɗi maganar da har yau ake maimaita mini a duk taron dangi. Na ce, "Kawu, zamani ya canja. Ita daga sama take gani."

Ba ta ganin komai daga sama. Wannan sai bayan kwana biyu wani malamin labarin ƙasa ya zaunar da ni ya warware mini, yana dariya har da hawaye. Taurarin nan ba su da ido a kanka, ba su ma san kana duniya ba. Aikinsu ɗaya: kowanne yana ta shelar inda yake da ƙarfe nawa ne a agogonsa. Na'urar ce ke saurare, ta auna jinkirin isowar kowane saƙo, ta fitar da inda take tsaye. Hanya kuwa, da gada, da sunan gari, duk suna cikin ɗan katin nan na dubu uku, kuma ɗan'adam ne ya zana su a wata shekara da ba a gaya mini ba. Ga shi kuma a saitinta an zaɓi hanya mafi gajarta maimakon mafi sauri, ba a kuma hana ta bin turɓaya ba. A wurinta duk zaren da ya haɗa ɗigo biyu titi ne.

Muka bar kwalta muka hau burji. Burji ya ƙare muka hau hanyar amalanke. Hanyar amalanke ta tsuke ta koma sawun shanu, masara ta dama da ta hagu ta fi motar tsawo, ganye na sharar gilashi. Amarya ta ce in ci gaba kilomita 14. Wata tsohuwa da ɗaurin itace ta ja gefe ta tsaya tana kallonmu baki buɗe. Wani yaro a kan keke ya yi ta nuna mana baya da hannu, ni kuma na ɗaga masa hannu na ce yaran ƙauye akwai gaisuwa. Kawu ya daina magana, sai goro. Ta madubi na hango carbin Baffa ya ƙara gudu.

Sai ga rafi. Ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da karan dawa da reshen itace. A allo kuwa zarenmu ya haye shi lafiya lau.

Na ce, "Ai ya kamata a ce akwai gada a nan."

Kawu ya ce, "Ya kamata. Tun ina yaron mota ake cewa za a yi ta. Ƙila amaryarka ta ji labari ne ta zana."

Na sa ribas zan juya. Abin da na ɗauka ciyawa ce a gefe ashe shinkafa ce, ƙarƙashinta fadama. Tayoyin gaba suka nutse, na ba ta wuta, suka ƙara nutsewa, taɓo ya yi tsiri ya rufe gilashin Kawu. Na kashe mota. Cikin shirun nan, sai kukan kwaɗi, Amarya ta faɗi wata kalmar Turanci mai nufin "ina sake lissafi". Ta yi shiru. Ta sake cewa tana sake lissafi. Ta kuma. A karo na huɗu Baffa ya sunkuyo tsakanin kujeru ya dubi na'urar cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, bar lissafin haka. Mun yafe."

Babu sabis a fadamar. Wasu yara da suka ɓullo daga cikin masara, ban san ta ina ba, suka ce in dai waya ce sai a kan surin can. Na naɗe wando na hau suri da sabuwar shaddata, na ɗaga waya sama kamar mai kiran ruwa, sanda ɗaya ta fito. Ango ya ɗauka. Shi da abokansa bas suka hau a tashar Funtuwa, direbansu ko agogo ba shi da shi, tun ƙarfe goma sha ɗaya suna can sun ci waina.

"Yaya, kuna ina? Liman ya shiga masallaci!"

A nan fa Amarya ta nuna gwaninta, domin ta san inda muke daidai wa daida. Na karanto masa: digiri 11 da ɗigo kaza arewa, digiri 7 da ɗigo kaza gabas, har lamba biyar bayan ɗigo.

Ya yi shiru. Ya ce, "Yaya, don girman Allah ka faɗi sunan gari."

Babu sunan gari a allon. Wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya ja mini riga ya ce, "Ku ce kuna fadamar mai unguwa, gabas da kukar da aradu ta faɗa wa." Na maimaita. Na ji ango ya faɗa wa mutanen da ke kusa da shi, na kuma ji wajen mutum goma sun ce "Aaa!" a tare. Wani daga can ya ɗaga murya: "Me ya kai mota can?"

Mai gonar ya iso da fartanya a kafaɗa. Na shirya jin zagi, sai ya yi mana sannu da hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya zagaya motar sau biyu ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin mota a nan ba, ko ta masu kamfen. Ya aika aka zo da shanun huɗa, bijimai biyu farare. Aka ɗaura igiya. Ni ina kan sitiyari, Kawu na ba da umarni kamar yana lodi a tasha, matasa na turi, Baffa ya ce shi ma sai ya sa hannu don lada. Bijimai suka yunƙura, na taka totur ba tare da an ce in taka ba, tayar ta kwashi taɓo ta yi wa Baffa fenti tun daga hula har takalmi. Motar na fitowa kan tudu Amarya ta ce, cikin natsuwarta, in juya in da hali.

Kafin nan an sauko daga Juma'a. Liman ya jira, ya sake jira, hadari na haɗuwa, mutane sun fara duban sama. Dole Baffa ya hau surin nan da kansa, taɓo na ɗiga daga gemunsa, ya wakilta mahaifin abokin ango ta waya ya karɓi auren. Saura sadaki. Kowa ya san yadda sanƙira ke shela: naira kaza, lakadan ba ajalan ba. An ce na wannan ƙauyen ya gyara tsayuwa ya ce, "Sadaki naira dubu hamsin, ajalan ba lakadan ba! Yana fadamar mai unguwa, shanu na jawo shi!"

Mai gona ya ƙi karɓar kuɗin shinkafarsa, sai goro goma ya ɗauka. Wani ɗan kabu-kabu ya shiga gabanmu a kan naira ɗari biyar, ya bi da mu ta wasu lunguna har ya fito da mu kan hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa, wato hanyar Kawu. Motocin haya na ta wucewa, amma a allon Amarya kibiyarmu na yawo a cikin fari fat, babu titi babu gari. Kawu ya dubi allon ya ce, "Ka gani, yanzu da muke kan hanya ita ta ɓata." Bayan la'asar muka isa. An cinye shinkafa, an naɗe tabarmi. Na miƙa sadaki a jiƙe, aka shanya shi a kan faifai.

Na koma Kano da niyyar rigima. Mai shago ya saurare ni da tausayi ya ce, "Alhaji, ai ba ka ce ƙauye za ka ba." Na tuna masa tambayoyina uku. Ya maimaita mini amsoshinsa uku, kalma da kalma, ya ce in nuna masa wadda ta zama ƙarya. Na duba ban samu ba. Har tayi ya yi mini na wani katin, wai wannan na bana ne.

Malamin nan na labarin ƙasa shi ya nuna mini OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya shiga ya zana hanyar unguwarsu kyauta, a kuma sauke ta a irin wannan na'ura. Ya ce a shekarun nan ma masu yaƙi da shan-inna sun fi kowa sanin ƙauyukanmu, domin sun bi hotunan tauraron ɗan'adam suna sa wa rugage da ƙananan unguwanni alama don kada ɗigon rigakafi ya tsallake yaro. Abin ya ba ni haushi kaɗan: ashe matar da ke yawo da akwatin ƙanƙara a kafaɗa ta fi ni taswira. Da wani abokina ya ce in raka shi sayen tasa, ban yi wa mai shago tambaya ko ɗaya ba. Na karɓi na'urar na rubuta Maigora. Na rubuta Ruwan Godiya, na rubuta Machika, na rubuta Damari. Na shiga saiti na duba shekarar taswirar. Shago huɗu muka shiga, a na huɗun aka ce mana in ba saye za mu yi ba mu ba mutane wuri.

Yau ba mai bin burtalin nan da baƙuwar mota ya ce taɓo ne abin tsoronsa. Dajin da yara suka ɓullo mana daga cikinsa suna dariya ya zama abin da kowa ya sani. A Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Gwamna Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da garuruwan nan uku da na tambayi mai shago. Na kan tuna mai gonar nan da bijimansa farare.

A cikin watannin nan na rashin sabis na je gaida Kawu. Manyan wayoyin jikokinsa duk sun zama tocila. Amarya kuwa, da na ba shi ita tun bayan bikin don in daina ganinta, tana rataye a ƙusa a zaurensa kusa da taga, an haɗa mata waya da batirin babur. Ita ba ruwanta da kamfanin waya, sama take saurare, kuma agogon taurarin nan ba ya kuskure. Da ita Kawu ke duba lokacin sallah. Awa ɗaya yake cirewa, har ladanin unguwa yakan aiko yaro ya tambaya.

Na ce, "Kawu, ashe dai tana da amfani."

Ya ce, "Yarinyar kirki ce, in dai ba a fita da ita ba."

A Sabon Gida kuwa 'ya'yan ƙanena sun kai huɗu, amma surukansa ba su taɓa kiran sunana na yanka ba. Ko a waya aka gaisa sai an ce a miƙa wa Alhaji Ajalan.